Minti Goma a Kan Benci

Talata, 4 ga Maris

Yaya,

A kan bencin da ke ƙofar ɗakin nas na gane abin da na yi wa ɗana Dogo. Jiya ne, wajen ƙarfe goma na safe. Ina zaune da jakar makarantar 'yata Auta a kan cinyata, ƙofa a rufe, ina jin muryoyi amma ba na jin magana. Sai abin ya sauko mini gaba ɗaya, kamar an ɗora mini buhu a ƙirji.

Ki yafe mini, na fara da wannan ban gaishe ki ba. Ina gaisuwa, Yaya. Ya gwiwar? Ya 'yan matanki na makarantar kwana, suna barinki ki huta kuwa? Mu nan lafiya, alhamdulillahi. Ƙaninki, baban yara, yana zuwa aiki yana dawowa, yana cin abin da aka ba shi, magana ce dai har yanzu sai an ja. Takarda nake rubuto miki don wayata tana cikin durowa tun kwanakin ta'aziyya. Duk wanda ya kira sai mu ɓuge da kuka, a kashe ba a ce komai ba. Takarda kuwa tana jira in share fuska in ci gaba.

Ciwon kunne ne ya kai ni da Auta ƙaramin asibitin unguwa. Nas ɗin, wata mai tabarau da ba ta ɗaga murya, ta leƙa kunnen, ta rubuta magani, ta tambayi shekarunta aka ce sha biyar. Sai ta ajiye biro ta ce, "Mama, duk yaron da ya haura sha biyu muna ganinsa shi kaɗai na minti goma. Ba don mun ga wani abu ba ne. Kowa haka muke masa." Ta ce tambayoyi ne a kan gida da makaranta da abokai, da barci, da ko ana shan wani abu, da ko zuciya tana yin nauyi. Ta faɗa a gabanmu mu biyu cewa abin da Auta ta gaya mata zai tsaya a ɗakin, sai fa in ta ga ranta ko na wani yana cikin haɗari. To nan za ta kira ni, kuma Auta za ta fara sani kafin ta kira.

Na tashi na fita. Ban ma san na tashi ba.

Yaya, an taɓa yi mini wannan maganar, a wannan ɗakin. Wata huɗu kafin rasuwar Dogo, lokacin da ya yi targaɗe a wajen ƙwallo. Wani likita ne a lokacin, saurayi, ya ce in ɗan ba su wuri. Na gyara zama na ce, "Ni na haife shi. Ba abin da zai faɗa da kunnena bai isa ya ji ba." Likitan bai yi gardama ba. Ya yi tambayoyinsa ina nan zaune kamar an dasa ni. Da ya zo kan ko yana shan wani abu, ƙwaya ko maganin tari ba da tari ba, ni na amsa. Na ce, "Wannan? Ko shayi ya yi ƙarfi sai ya ƙara ruwa." Dogo ya yi 'yar dariya yana kallon bandejin ƙafarsa. Likita ya jira, ya ƙara jira, sannan ya rubuta abin da ya rubuta.

Sauran kin sani. Ya kwanta bayan azahar, na je tashinsa da la'asar, bai tashi ba. Aka ce ƙwayoyi ne da maganin tari suka haɗu. Takalman ƙwallonsa ma tun ranar na ɗora su saman kabad, har yau hannuna bai iya komawa wurin ba.

Wata bakwai ina tambayar kaina ina nake lokacin da yaron nan ya shiga wannan hali. Ashe ina kan kujerar da ke kusa da shi. Ban ce da na fita zai faɗa ba. Allah kaɗai ya sani, kuma kwana ne ya ƙare. Amma an buɗe masa ƙofa, ni na tsaya a bakinta.

Da aka kira ni ciki, idon Auta ya yi ja, amma kafaɗunta sun sauka. Kin san yadda take ɗaure su tun abin nan. Nas ta ce za ta riƙa ganinta duk bayan mako biyu. Ta ce akwai tambaya ɗaya da Auta ta yarda a gaya mini amsarta. Tambayar ita ce, wane babba ne za ki iya gaya wa abin da ke damunki? Auta ta rubuta "Goggo."

Ba zan yi miki ƙarya ba, ya yi mini zafi. A hanya na yi ta kallon ƙeyarta ina cewa a raina, ni da nake tsefe mata kai. Amma kafin mu kai shagon ɗinkina zafin ya koma godiya. Dogo bai samu ya rubuta sunan kowa ba. Ita tana da ke.

Za ta rubuto miki. Ina so in san abin da ke cikin yarinyar nan kamar mai ƙishi ya ga ruwa a hannun wani, har abinci ba ya wuce mini. Amma ke ta zaɓa. Ki saurare ta.

Taki,
Amarya


Asabar, 15 ga Maris

Amaryarmu,

Shekara goma sha tara kina gidan ƙanina, har yau ban samo miki wani suna ba, sai ki yi ta haƙuri. Ina amsa gaisuwa. Gwiwa tana nan, ita ke gaya mini za a yi ruwa tun kafin rediyo ya faɗa. 'Yan matana ɗari da arba'in suna lafiya, ƙarfinsu ma ya yi yawa. Jiya na ƙwace waya biyu a ɗakin kwana, ɗaya a cikin kwalin sabulu, ɗaya a ɗinke cikin matashi. Da kin ga ɗinkin, da kin ɗauki yarinyar aiki.

Wasiƙarki a tsaye na fara karanta ta a bakin ɗakin wanki, sai da na nemi bokiti na kifa na zauna. Ki saurare ni. Dogo ya yi mako uku a wurina a hutunsa na ƙarshe, yana cin abincina, yana gyara mini rediyo. Ni da aikina ke nan, shinshinar abin da yara ke ɓoyewa, ban ji komai ba. In za a kama ki da laifin kujera, sai a fara kama ni. Ki sauke wannan kayan, ko rabi ne.

Shi dai tsarin asibitin naku ban gama gane shi ba. A fitar da uwa a rufe ƙofa? A nan in na tsinci takarda a ƙarƙashin katifa, ofis take zuwa, daga ofis sai hannun iyaye. Shekara ashirin da biyu haka nake yi, ba wanda ya ce ban kyauta ba sai masu takardun. Amma tunda kin ce kafaɗun yarinyar sun sauka, ba zan yi musu da abin da idonki ya gani ba.

Da na zo inda ta rubuta "Goggo," sai da na shiga ɗakin ajiya na rufo ƙofa. Kada ki gaya wa kowa. Soja suke ce mini a makarantar nan, ba na so a ɓata mini suna.

Ta rubuto, ina jira. Na kuma ji ƙishin da kika ce kina fama da shi. Ba zan bar ki da shi ba.

Ki gaishe da ƙanina, ki ce na ce ya riƙa buɗe baki ko don iska ta shiga.

Yayarki


Laraba, 9 ga Afrilu

Yaya,

Gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da gwiwar da rundunarki. Mu ma lafiya. Kunnen Auta ya warke sarai, yanzu har abin da ba da ita ake ba tana ji.

Shirunki ne ya sa na ɗauki biro. Yau kwana ashirin ke nan da ta kai wasiƙarta gidan waya da kanta, ta ƙi bari ko kan sarki in manna mata. Kullum in ta taso makaranta sai ta biyo ta shago, ta ɗaga wannan ta ajiye wancan. Ba ta tambaya, amma na san abin da take nema. Ko ba ta iso ba ne? Ko jikin ne? In abin da ta rubuta ne ya yi miki nauyi, ko layi biyu ki aiko mata, ta san an ji.

In ban da wannan, godiya ce cike da bakina. Sau biyu mun koma wajen mai tabarau. Ina tafiya da ɗinkin hannu, in zauna a bencina in yi ta soka allura har a buɗe ƙofa. Minti goman nan wani lokaci ashirin ne, ba na ƙorafi. Kalmasar labulen ɗakin ma na ga ta warware, na roƙi a bar ni in gyara. Nas tana cewa ba sai na yi ba, na ce ki bar ni, ba ni da wata hanyar cewa na gode.

Wancan zuwan wani mutum ya fito yana huci, an ce ya ba ɗansa wuri. Ya tsaya a kaina yana cewa yau ya ga ikon Allah, ɗan da yake ci da shi yake sha da shi. Na ce masa, "Malam, zauna. Ni na taɓa ƙin fita." Ban ƙara ba, shi ma bai tambaya ba. Ya dubi fuskata, ya zauna a ƙarshen bencin har aka kira shi.

Auta ta fara cin abinci ba sai na tsaya a kanta ba. Ranar Lahadi babanta ya sa riga a bai-bai zai fita, ta yi dariya har da riƙe ciki. Shi kuwa ya tsaya turus, don mun manta yadda dariya take a gidan nan. Barci ne dai har yanzu babu, da safe idonta ke gaya mini.

Ina jiran ji daga gare ki. Ita ta fi ni jira.

Amarya


Asabar, 19 ga Afrilu

Amarya,

Ina gaisuwa. Ki yafe shiruna. Zazzaɓi ne ya shiga ɗakin 'yan aji ɗaya, yara goma sha ɗaya a kwance, da ya gama da su ya juyo kaina. Yanzu na miƙe, sai dai ƙafa ba ƙarfi.

Wasiƙar Auta ta iso tuntuni, tana cikin tarin da ban buɗe ba sai shekaranjiya. Na karanta sau uku. Na ɗauki biro in gaya miki abin da ke ciki, hannuna ya ƙi. Don haka ga ta nan na sa miki a cikin wannan ambulan, shafi biyu ne, da rubutunta. Kin ce kina son sani har abinci ba ya wuce miki. To ga shi. Ke ce uwa, kuma wannan ba abin da za a bar wa nas da tsohuwa mai nisan wuni guda a mota ba ne. Ki karanta ranar da ta iso, kada ki ce sai gobe. Kada ki nuna wa ƙanina tukuna, kin san shi in ya tsorata faɗa yake yi.

Shawarata, in zango ya ƙare ki turo mini ita. Akwai gado a ɗakin da ke jikin nawa. Idona zai kasance a kanta safe da yamma.

Ban amsa mata ba tukuna. Na ga ya fi kyau ku fara magana, ke da ita.

Yayarki


Talata, 29 ga Afrilu

Yaya,

Ina gaisuwa. Allah ya ƙara sauƙi, ya raba ki da zazzaɓin nan. Jikinmu lafiya. Gidan ne ba lafiya.

Ban karanta ba. Ina buɗe ambulan na ga rubutun Auta, wannan mai kwanciya gefe ɗaya, sai na kifa shi a kan teburin keke. Na san kaina, in na bar shi haka ba zan kai yamma ba. Sai na ninke shi huɗu, na sa a ƙarƙashin allura, na bi gefunansa da ɗinki. Jan zare ne a kan keken, ina cikin wata riga. Na tura shi ƙarƙashin tarin ƙyalle da niyyar in mayar miki.

Laifina ne da na rubuta miki maganar ƙishi. Kuka nake miki, Yaya, ba aike ba. Amma ke ba fuskata kika gani ba, takarda kika gani.

Ranar Asabar Auta ta zo taya ni shara, ta ɗaga ƙyallen. Daga littafinta ta yage takardar, ta gane ta tun kafin ta taɓa. Ta tsaya da tsintsiya a hannu.

"Goggo ce ta aiko miki?"

Na ce eh.

"Kin karanta."

Na ce, "Dubi ɗinkin."

Ta ce, "Mama, ke tela ce. Minti nawa ne ki karanta ki ɗinke?"

Ta jingine tsintsiyar a hankali, ta ɗauki takardar, ta fita. Da ihu ta yi da ya fi mini sauƙi.

Jiya Litinin ranar zuwanta asibiti ce. Ta ce ba za ta ba, manya duk bakinsu ɗaya. Sai na tafi ni kaɗai, na zauna a benci har layi ya ƙare. Na gaya wa nas komai, har da cewa kin ce kada in jinkirta. Na ce, "Ki gaya mini in wauta na yi. Na riga na binne ɗaya." Ta cire tabaran ta riƙe a hannu. Ta ce abin da ta faɗa ranar farko yana nan, daga abin da Auta ta gaya mata, da ta ga abin kira da ta kira ni. Amma ba ta san abin da ke cikin wasiƙar ba, kuma ba za ta ce mini ba komai ba alhali ba ta gani ba. Ta ce in kulle duk wani magani da ke gidan, in riƙa zama kusa ba tare da tambaya ba, in na ga wani canji in kawo ta ko ba ranarta ba ce. Sannan ta rubuta 'yar takarda ta ce in ba Auta. Ta ce, "Wannan kina iya karantawa." Layi ɗaya ne: kujerarki tana nan, ko ba za ki yi magana ba ki zo ki zauna.

Na kwashe magungunan gidan, har da na ciwon kai, na kai shago na kulle. Takardar nas na ajiye mata kusa da kofinta. Da safe ban gan ta a wurin ba, ban kuma gan ta a kwandon shara ba. Na duba.

Maganar turo ta kuwa, a'a, Yaya. Na gode, na san ƙauna ce. Amma ba idanu ne suka yi mata kaɗan ba. Dogo ma idona yana kansa har cikin ɗakin likita.

Ina jin tsoro. Wataƙila ke ce da gaskiya, wataƙila da na karanta. Kwana biyar ke nan ina juya abin ban tsayar da shi ba. Abin da na sani, in ta daina yarda da mai tabarau, ta daina yarda da ke, to ba ta da kowa, ta koma inda yayanta ya tsaya. Ki rubuto. Ita za ki rubuto wa, ba ni ba.

Amarya


Lahadi, 4 ga Mayu

Amarya,

Gaisuwa. Zazzaɓi ya tafi, kunya ta maye gurbinsa.

Na sake ɗauko wasiƙarki ta farko. "Ke ta zaɓa. Ki saurare ta." Ga shi nan ɓaro-ɓaro. Na karanta shi a lokacin, amma idona ya tsaya a layin da ke sama da shi, don shi ne ya yi kama da aikina. Shekara ashirin da biyu yara suna ɓoye mini takardu ina tonowa. Ba a taɓa miƙo mini ɗaya da hannu biyu ba sai wannan, ni kuma na yi mata abin da nake yi wa na ƙarƙashin katifa.

Na rubuta wa Auta, ambulan daban, sunanta a kai. Kada ki ɗinke wannan. Na ba ta haƙuri ba tare da "amma" ba, abin da ban taɓa yi wa yaro ba. Sannan na ari dabarar nas ɗinku, na gaya mata tun farko cewa akwai abu ɗaya da zan faɗa miki ko ta yarda ko ba ta yarda ba. Ga shi: akwai abin da ke cikin gidanku da bai kamata ya ƙara kwana ba, kuma ba ya cikin waɗanda kika kulle. Ita ta san inda yake. Ki ba ta wasiƙata ta fara karantawa, sannan ki tambaye ta. In ta ƙi, ki kai wa nas wannan layin a ranar. Sauran maganar tata ce.

Na kira wayarki sau shida, a kashe. Ta ƙanina kuwa na danna na fasa. Na nemi izini, an ce sai Laraba ta sama. Zan shigo motar safe, ni da gwiwa, ko da yarinyar ba za ta gaishe ni ba.

Yayarki, in har yanzu kina so


Alhamis, 8 ga Mayu

Yaya,

Ina so mana. Ina gaisuwa, ina kuma godiya. Lafiyarmu ƙalau. Wasiƙunki biyu yau suka iso, amma abin da kike tsoro ya bar gidan kwana shida ke nan. Ban rubuto ba ne don labarin ba nawa ba ne, sai da mai shi ta ce in rubuta.

Waccan Alhamis ɗin da yamma ina guga, sai Auta ta jawo kujera ta hau, ta sauko da takalman ƙwallon Dogo daga saman kabad. Ta ajiye su a kan teburin guga, ƙura ta tashi. Ta ce, "Kwana biyar ina kallonsu. Da kin karanta, da ba su kwana a can ba."

Ta zura hannu ta zaro safa a ƙulle. Ƙwayoyi ne, kin riga kin sani. Na kashe dutsen guga.

A tsaye ta faɗa mini, tana kallon bango. Ta san yana sha tun kusan shekara kafin rasuwarsa. Ta kama shi, ya sa ta rantse, ya ce zai bari bayan jarrabawa. Ta riƙe masa. Bayan ya tafi, sau uku ta sha ɗaya-ɗaya don ta samu barci. Wannan ta gaya wa nas, amma ta ce mata sun ƙare. Ragowar da rantsuwar ke kaɗai ta gaya wa. Sannan ta ce, "Da na faɗa, da yana nan."

Na ce, "Zo ki zauna in ba ki nawa." Na ba ta labarin likita da kujerar da na ƙi tashi a kai. Ba ta sani ba. Ta ce, "Ashe ke ma." Na ce ni ma. Wata tara muna gida ɗaya, kowacce tana ganin ita ce sanadi, tana ɓoye wa ɗayar.

Washegari muka kai safar asibiti a cikin jakar makaranta. Nas ta karɓa, ta juye a wani kwali mai murfi, ba ta yi wa kowa faɗa ba. Ta ce wa Auta, "Kin yi abu mai wuya." Ta ce akwai wata likita da ke zuwa duk Alhamis, mai sauraron masu irin wannan nauyin, za ta haɗa su, kuma ni ma akwai wuri in ina so. Na miƙe zan fita kamar kullum, sai Auta ta ce, "Mama, minti goma kawai. Sannan ki shigo." Na fita. Na shigo.

In ce miki gaskiya, da na ga yawan abin da ke cikin safar nan, jikina ya yi sanyi. Mako guda yana saman kabad bayan kin aiko mini da labarinsa, ni kuma na bi shi da jan zare. Allah ne ya tsare. Ba zan ce ni ce da gaskiya ke ce da kuskure ba. Kin ji tsoro a inda ya kamata a ji. Na gode da tsoron, na gode da haƙurin da kika ba ta, na gode da kika zama sunan da yarinya za ta iya rubutawa.

Ta karɓi wasiƙarki ta shiga ɗaki. Da ta fito ta ce, "Ki ce wa Goggo ta zo, amma ranar farko ba zan yi mata magana ba." Na ce rana ta biyu fa? Ta ce, "Sai na ga abin da ta kawo." Don haka ki zo, kada dai ki zo hannu rabbana. Na kunna wayata, ki kira in kin shiga mota.

Na tambayi labarin likitan nan saurayi, an ce an yi masa canjin wuri. Nas ta ce za ta binciko mini inda yake. So nake in ce masa na ga yadda ya jira, kuma na gode, ko da ban gode a ranar ba.

Taki,
Amarya

Abu ɗaya ya rage. Takalman na goge su, na ajiye a bakin ƙofa inda ya saba cire su. Ƙaninki ya gan su da ya dawo aiki, ya tsaya a kansu ya daɗe. Bai san komai ba tukuna, ba safar, ba rantsuwar, ba kujerata. Auta ta ce ita za ta gaya masa nata da bakinta, ni in ba su wuri, sannan in shigo in gaya masa nawa. Ba mu sa rana ba.